Fim Ɗin da Ba Mu Ga Ƙarshensa Ba

Inna, mahaifiyata, ba ta jin Yarbanci sosai duk da daɗewarta a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, don haka ni ce tafintarta idan muka kunna fim ɗin Yarbawa. Wata rana da la'asar tana murza ƙuli-ƙulin sayarwa, ɗakin duk ƙamshin man gyaɗa, ni kuwa ina jingine da ita ina fassara mata.

Labarin wani mutum ne da ya koma ƙauyensu bayan ya tsufa a birni. Ya tsaya a ƙofar gidan mahaifinsa, wata yarinya ta fito ta tambaye shi wa yake nema. Bai kai ga amsawa ba aka ɗauke wuta.

Na fara ƙunƙuni. Inna kuwa hannunta ya tsaya cak cikin tunkuza.

Ta ce, "'Yar nan, ke da kike zuwa boko, gaya mini. Ina ne garin mutum, inda aka binne cibiyarsa ko inda za a binne shi?"

Na ce, "Inda uwarsa take mana."

Ta miƙo mini ƙuli mai ɗumi. "To, ke kam kin huta," in ji ta. Tata uwar tana can Arewa, ƙasa ta daɗe da rufe ta.

Washegari aka mayar da kaset ɗin shagon haya. Na girma, na karanta littattafai da yawa, ban sami amsar da ta fi tawa ta ranar ba. Sai dai yanzu da Inna ta rasu, idan aka tambaye ni garinmu, ƙamshin man gyaɗa nake ji.