Bindigar Baba Gide

Ana kiran sallar azahar harbi ya tashi a Tafoki. Kafin mu miƙe, baburan ɓarayin daji sun cika gari.

Daga Abuja aka turo ni tattara tsofaffin kayan da za a buɗe gidan tarihi da kimiyya na ƙasa da su. Jiya Baba Gide, tsohon maharbi, ya ba ni bindigar kakansa kyauta. Yanzu ga shi ya faɗo masaukina a guje, ya fizge ta daga akwati.

"Malam Mas'ud, shige ƙarƙashin gado! Wannan ba ta taɓa kwana babu ɗuri ba."

Ya tare bakin ƙofa, ya auna na gaba, ya ja kunama. Ƙas! Ya sake ja. Ƙas! Suka zuba masa harsashi uku a ƙirji, suka kora shanu suka wuce.

A wajen jana'iza kowa cewa yake asirin ɓarayin ne ya ɗaure bakin bindigar. Ni dai na koma gefe. Hannuna yana aljihu, riƙe da 'yar kwalbar da na zazzage albarushin bindigar a ciki da safe, kamar yadda ƙa'idar aikinmu ta tanada.

Har lamba na manna wa kwalbar.