Ƙudajen da Ba Sa Jin Hausa

Badaru ya kai wa ƙudan duka da hula, ya kuskure, hular ta sami kofin Rahama. Kofin ya yi rawa a bakin teburi. Ya cafe shi da hannu biyu, ya mayar da shi daidai kan zoben da gindinsa ya bari a ƙura.

Tun da aka kai matarsa Rahama makwancinta, babu abin da ya gusa a ɗakin nan na unguwar Mile 2 Diobu. Tukunyarta na rufe yadda ta bar ta. Mayafinta na kan ƙusa. Taga a kulle, kada iskar Fatakwal ta shigo ta kwashe ɗan sauran ƙamshinta. Baronsa na dako yana waje yana tsatsa. Shi kuwa yana ciki, ba ci ba magana, yana gadin ɗakin kamar Rahama cefane ta je, za ta dawo ta tambayi wanda ya taɓa mata kaya.

Sai zafi ya zo, ya zo da baƙi. Ƙananan ƙudajen nan ne masu jan ido, irin masu bin kayan marmarin da ya lalace. Ba ruwansu da makoki. Daga sama suke saukowa kamar yayyafi, su zauna a bakin kofin, daidai inda leɓenta yake taɓawa. Wannan ne ya kasa jurewa.

Katako ne kawai ya raba ɗakinsa da na Baba Gimba, tsohon maigadi, katakon ma bai kai rufi ba. Badaru yana jin tarin tsohon, yana jin jan kujerarsa da safe. Baba Gimba mutum ne mai taurin kai: likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga, amma duk Laraba sai ya dawo daga Kasuwar Oil Mill da ayabar da ta yi baƙi, wadda masu sayarwa ke neman kai da ita. 'Yan gidan sun ce kwaɗayi ne ajalinsa.

Shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce ya san ƙudajen nan sarai, haifaffun Kudu ne, ba sa jin Hausa. Sai an kore su da Turancin buroka, kuma da ƙarfi.

Badaru ya juya wa ƙofar baya. Amma da wani ƙuda ya sake sauka a kan kofin, sai aka ji muryarsa a dishe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba: "Make una comot!"

Matan da ke wanki a tsakar gida suka tsaya da kumfa a hannu. Rabonsu da muryar nan tun ranar jana'iza.

Ƙudajen ba su fita ba. Baba Gimba ya ce ai sun ji, hanya ce ba su gani ba, a buɗe musu taga. Badaru ya daɗe da hannu a kan sakata kafin ya zare ta. Haske ya faɗo kan mayafin. Ashe shuɗi ne. A cikin duhu ya manta.

Ƙudajen suka ƙaru. Tsohon ya leƙo, ya shinshina, ya nuna tukunya da haɓa.

"Ita ta rufe ta, Baba."

"To zaɓi ɗaya, ɗana. Ko tukunya ko kofi."

Badaru ya durƙusa a gindin famfo yana goge tukunyar, ruwa na zuba daga famfo da idanunsa, matan gidan kowacce ta sami wani abin kallo a bango.

Washegari ƙudajen suka zo da 'yan'uwansu. Baba Gimba bai yi mamaki ba. Ya ce ƙuda yana gane wanda ba ya cin abinci, zato yake mutumin ya kusa zama rabonsa, shi ya sa yake zaman jira. Badaru ya dubi hannuwansa, ya ga sun zama kara. Ya fita wurin mai shayi, ya ci burodi da ƙwai a tsaye, yana waiwayen gida. Har wani ɗan okada ya ba da labarin da ya sa shi murmushi bai shirya ba.

Magani na ƙarshe tarko ne: a yanke gorar roba, a kifa kanta ciki, a zuba ruwan tsami da garin sabulu da ɓawon abarba. Sai dai ɓawon dole na Oil Mill ne, kuma mai ɗakin ne zai ɗebo da kansa. Tunda zai je, in ji tsohon, ƙuda yana raina wanda ya shiga kasuwa hannu rabbana. Ya tafi da baro.

Bai kai layin masu abarba ba wata mata ta ɗora masa buhun garin kwaki. Bayanta wata. Ya dawo da yamma kafaɗa na ciwo, da ɓawon a leda.

Da safe ya duba gorar. Kaɗan suka faɗa, sauran suna shawagi kamar tarkon na maƙwabta ne. Ɗaya ya sauka a bakin kofin, yana goge hannuwa. Badaru ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauki kofin, ya ɗauraye, ya cika shi da ruwa, ya sa leɓensa inda nata yake zama, ya shanye. Ya ja baro ya fita, ba wanda ya ce ya fita.

Sai da kukan tayar baron ya ɓace a lungu, Baba Gimba ya ja kujera, ya hau, ya zura hannu ta saman katako, ya kwance ledar ruɓaɓɓiyar ayabar da yake sabuntawa duk Laraba. Shi da tasa matar ta rasu a nasa ɗakin, babu wanda ya aiko masa da ko ƙuda ɗaya.