Takalmin Tattaki

A ƙofar falo saurayinta ya tuɓe takalman da ta saya masa tun ranar da likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini. Ɗaya ya kife. Ƙasansa fes, kamar yau ya fito daga kwali.

"Magabatana za su zo ranar Asabar," ya ce yana murmushi.

Ba ta ji komai ba, ko ɓacin rai. Takalmin kawai take kallo.

"Kana tattakin da likita ya ce?"

"Kullum."

"Haka Baba yake ce wa Mama, har zuciyarsa ta buga." Ta ɗauko takalmin ta miƙa masa. "Kada su zo. Takaba ɗaya ta ishi gidan nan."