Jirgin da Kwamfuta Ta Ce Lafiya Lau

"Inna, mi ya hana Baba shiga jirgin da ya ƙera?"

A bakin kogin Kwara ɗiyata Hamdiyya ta jefo tambayar, mun riga mun zauna za mu ƙetare zuwa kasuwar Illo. Fasinjoji suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Injiniya tsoron ruwa shikai!"

Mijina Shamsu, da ya rako mu, bai yi dariya ba. Ya yafito ni gefe.

"Barira, sauko da yarinyar ga."

"Ba kai ka nuna min kwamfuta ta gwada shi ba? Hoton jirgin kore shar ko'ina, alamar lafiya?"

"Kwamfuta ba ta san inda fiba, robar jikin jirgin, ke fara tsagewa ba, sai an saka mata iyaka. Da na saka ta gaskiya, gindin jirgin ya yi ja a hoton, alamar haɗari. Mai jirgi ya ce ba zai ƙara kauri ba. Sai na yi ta ɗaga iyakar har jan ya ɓace."

Na fizgo ɗiyata, na kwarma ihu kowa ya sauka. Mai jirgi ya ɗaga wayarsa, ya nuna koren hoton nan. Suka dubi hoto, suka dube ni. Wata mai goyo ta gyara zama a wurinmu.

Jirgin ya ƙetare lafiya. Har yau yana lodi, tsagar kuwa ta ciki take farawa, inda ido ba ya kaiwa. Daga baya Shamsu ya gaya min da wannan hoton aka ƙera wasu shida.

'Yar'uwa, in kin ga shuɗin jirgin fiba a bakin ruwan nan, kar ki saka ɗanki, ko wane hoto aka nuna miki.