Rabon Gado

Kullum ƙarfe bakwai na safe Auta yake tarar da katifar da sauran ɗumi.

Da dare yake aiki a gidan biredi, ya kwana yana murza kwaɓi. Albashinsa bai kai ya kama ɗaki ba, ko da na bayan gida ne. Abin da ya samu rabin gado ne. Shi ke kwanciya da rana, wani mutum ya kwana da dare. Tsohon da ke da gidan ya kafa doka: na rana ya fita kafin shida na yamma, na dare ya fita kafin bakwai na safe. Wata tara ke nan ba su taɓa haɗa ido ba. A wurin aiki tsokanarsa ake yi, wai shi kaɗai aka taɓa yi wa rabon gado ba a yi mutuwa ba.

Mutumin dare ba shi da hayaniya. Ƙusa ɗaya ya ɗauka a bango, ya bar wa Auta biyu. Yakan ninke bargo gida uku ya ɗora filo a kai, irin ninkin da Auta ya ɗauka a gidansu kaɗai ake yi. A ƙarƙashin gado kwalaben maganin tari suna ta ƙaruwa.

Yaya ne ya yi masa kwatancen wurin a waya, satin da suka binne Inna. Shi Yaya ya daɗe a birni. An ce yana da gida mai ɗaki uku can ƙarshen gari, har da bishiya a tsakar gida. Sau da yawa Auta ya roƙe shi ko baranda ce ya ba shi. Yau a ce ana gyaran rufi, gobe a ce baƙi sun cika gidan. Kiran ƙarshe da suka yi, Yaya ya yi ta gyaran murya yana ba shi haƙuri, Auta ya ce, "Da Inna na raye ba za ka yi min haka ba." Ya kashe wayar. Sati uku bai sake nemansa ba.

Ranar Talata ya dawo ya tarar da katifar da sanyi. Laraba ma haka.

Alhamis tsohon ya tare shi a bakin ƙofa, riƙe da wata jakar baya da igiyarta ta tsinke.

"Abokin kwananka ba zai dawo ba. A wurin dakon siminti ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Abokan aikinsa ne suka kawo wannan, suna cigiyar danginsa."

Auta ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a. Bai gama shafawa ba tsohon ya ci gaba.

"To, ɗana, gado ba ya zama da gefe guda. Akwai masu son sa su biyu, tare suka zo. Ko ka kama shi duka, ko kafin la'asar ka kwashe."

"Baba, ina zan je? Ko kwana uku ka ba ni."

"Ni ma cin abinci nake yi."

Ya ajiye jakar a kan katifa ya fita.

Auta ya zauna a bakin gadon, garin fulawa bai ma fita daga farcensa ba. Ya duba ƙusoshinsa biyu, riga uku da tawul. Duk abin da ya tara a birnin nan leda ɗaya za ta ɗauke, amma ledar ma sai an samu inda za a ajiye ta. Barci na jan idonsa, rana na hawa bango.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya haɗiye fushinsa, ya shirya abin da zai faɗa: Yaya, ka yafe min maganar rannan, ko a ƙarƙashin bishiyarka ne zan shimfiɗa kwali. Ya lalubo lambar, ya danna, ya kara a kunne.

Cikin jakar da ke gefensa, waya ta fara ƙara.