Shida a Ƙarƙashin Kofi

Tela ya ɗaga kofin a bayan labule, ƙwayar ludo ta nuna shida.

Wasu masu bincike ne suka kawo wannan gwaji layin teloli: ka jefa ƙwayar kai kaɗai, ka fito ka faɗi lambar da ka samu, a biya ka gwargwadonta. Babu mai gani.

Ya tsaya yana hararar shidar kamar ta zage shi. Shekara tara yana ce wa mutane ɗinkinsu sai gobe. Ga surukinsa a bakin ƙofa, wanda rigarsa ta yi wata uku a ƙarƙashin keke. In ya ce shida, wa zai yarda?

Ya fito.

"Nawa?" in ji mai rubutawa.

"Biyu."

Ta ɗago ta dube shi. "Mutum goma sha ɗaya, kowa shida. Malam, kai kaɗai ka faɗi gaskiya yau."

Surukin ya dafa kafaɗarsa. "Yaro, ashe na ɗauki alhakinka. Rigata fa, yaushe?"

"Gobe, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai ya tafi. Karo na farko, ya yarda.