Furen Rawaya a Filin Zoona

Tun da Fahmida ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, tagar bene ta zama wurin zamanta. Daga nan take kallon filin ciyawarta.

Filin kuwa ya isa a kalla. Kafin sanyi ya shigo, ɗanta Tanwir ya sa aka kwashe tsohuwar ƙasar, aka zuba sabuwa, aka shimfiɗa ciyawar da aka sayo, sannan ya koma bakin aikinsa a Delhi. Da ƙanƙara ta narke a Srinagar, filin ya fito kore shar kamar darduma. Duk Juma'a da yamma Bindeshwar gadina, mutumin Bihar, yakan zo ya aske shi, ya zuba taki, ya fesa maganin da ke kashe baƙon tsiro ya bar ciyawa.

Bayan gajeriyar katanga akwai filin Zoona, maƙwabciyarta, wadda mijinta ya rasu ba su haihu ba. Wani tsiro mai furen rawaya ya mamaye shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Fahmida ta daɗe tana cewa wannan ba fili ba ne, juji ne.

Amma a kan jujin surukarta Insha, matar Tanwir, take wayar gari. Da ta gama share-share sai ta buɗe ƙaramar ƙofar katanga, ta durƙusa da wuƙa da kwando, tana tumɓuke tsiron ɗaya bayan ɗaya. Zoona na zaune kan tabarma tana zuba musu shayin gishiri. Suna hira, suna dariya. Fahmida ba ta taɓa jin wannan dariyar a cikin gidanta ba.

Ba ta da abin da za ta kama yarinyar da shi. Insha ce ke yi mata wanka, ita ce ke gasa mata ƙugu. Da rana takan hawo da shinkafa da kwanon abin da suke kira hand, wani ganye mai ɗaci da ake dafa wa masu jego da masu karaya har ya yi baƙi ya narke.

"Ki cinye, Moji," takan ce, wato Mama ke nan da yarensu. "Ƙashi ba ya haɗewa da shayi."

Fahmida takan cinye. Ita 'yar birni ce, shugabar makaranta mai ritaya, ba ta taɓa tsinkar ganye da hannunta ba, amma ta san ƙugun yana samun sauƙi. Takan ce an gode, Insha ta ce ba komai, shi ke nan hirarsu ta ƙare.

Wata safiya iska ta kawo mata muryar Zoona.

"Ke dai ki tattaro kayanki ki dawo nan. Ki bar wa hedimistires rajistarta, ta riƙa kiran sunan kujeru."

"Kai, Masi, ki ji tsoron Allah!" in ji Insha, tana dariya har da riƙe ciki. Masi, wato Inna, take kiran Zoona.

Fahmida ta ja labule a hankali. Ba ta taɓa ɗaga murya a aji ba, ba kuma za ta fara a kan katanga ba. Ta zauna ta auna abin kamar lissafi. Tsiron ne ke kai yarinyar can. In babu tsiron, babu dalilin zuwa.

Ranar Juma'a Zoona ta tafi ziyara masallacin Hazratbal, Insha ta raka ta, tana riƙe mata jaka kamar 'yar cikinta. Fahmida ta dogara sanda ta sauko, mataki bayan mataki, ta tarar da Bindeshwar yana haɗa magani a famfon feshi.

"In ka gama nan, ka shiga ka yi wa filin Zoona. Ka jiƙa shi sosai."

"Madam, ta san da maganar?"

"Kyauta ce. Ba a sanar da kyauta."

Ya sosa ƙeya. "To. Amma ba za ta ga aiki nan take ba. Ganyen zai yi kwanaki da korensa kamar ba a taɓa shi ba, daga saiwa yake mutuwa. A dai hana kaji da yara zuwa wurin."

"Ba ta da kaji," in ji Fahmida. "Ba ta da yara."

Ta tsaya a ƙofar katanga har ya gama, tana kallon furannin suna ƙyalli da lemar magani.

Washegari Insha ta shiga da wuƙarta da kwandonta kamar kullum. Dariyar ta taso, amma yau ba ta soki Fahmida ba. Ta ma bar labulen a buɗe. Saura kaɗan, ta ce a ranta.

Da rana ta ci abinci da marmarin da ta manta tana da shi. Ta cinye kwanon hand, ta nemi ƙari, ta suɗe wannan ma. Har ta ji tana son ta yi wa yarinyar magana mai daɗi.

"Zauna mana, 'yata. Ganyen nan ya karɓe ni. Wace 'yar ƙauye ce ke kawo miki shi?"

Fuskar Insha ta washe, ta zauna a bakin gado.

"Wa zai kawo, Moji? Ni nake tsinko miki shi kowace safiya a filin Masi Zoona, mai furen rawayan nan. Duk layin nan, nata ne kaɗai magani bai taɓa sauka a kai ba."